Maƙwabcinmu na Kan Tudu: Tarihin Peter Sarpong na Kumasi

Ku da ke saurarenmu a ruga da mashekari, da ku da ke kwana a tasha kuna jiran gari ya waye a buɗe iyaka, da ku da wannan takarda ta iske a rumfar kasuwa wani yaro yana karanta muku, barkanmu da sake saduwa. Yau daga Akwatialine nake muku magana, cikin zangon Kumasi, unguwar 'yan katako da 'yan gwangwan, inda ƙarar zarto da guduma ba ta tsayawa sai ladan ya kira salla.

Ɗan'uwa, in ka taɓa sauke shanu a Kumasi, ko ka kawo albasar Galmi, ko ka zo sarin goro da atamfa, to ka ga ginin da zan ambata ko da ba ka san sunansa ba. In ka bar unguwarmu ka nufi babbar kasuwa, ka ɗaga kai, za ka hangi wata majami'a mai hasumiya a bisa tudu, ta leƙo kasuwa. Wannan tudu shi ake kira Roman Hill, majami'ar kuma St Peter. Mutanen Ghana in sun ce Roman, Katolika suke nufi. To mutumin da ya shekara 38 yana shugabancin wannan majami'a, shi ne zancenmu na yau. Sunansa Peter Kwasi Sarpong.

Na san wani zai ce, Malam, me ya haɗa mu da limamin coci? Mu Musulmi ne, shi Kirista. Mu baƙi ne, shi ɗan ƙasa. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka wuraren da hanyarmu ta rabu da tasa ba. Amma mutumin nan malami ne kafin ya zama shugaba, kuma darasi ɗaya ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa: kada ka yanke wa al'adar mutane hukunci sai ka zauna ka fahimce ta. Wanda duk ke cin abinci a ƙasar da ba a binne cibiyarsa ba, wannan darasi ya shafi wuyansa da dukiyarsa.

Bari mu koma baya tukuna, don a san wa ya riga wa zuwa. Musulmi sun daɗe a Kumasi. A 1817 wani Bature, Bowdich, ya zo fadar Asantehene Osei Bonsu, bayan shekara uku wani mai suna Dupuis ya biyo shi, dukansu sun rubuta cewa sun tarar da malamai Musulmi a fada, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a, ana jin shawararsu. Amma fataken Hausa a wancan zamani yawanci a Salaga suke tsayawa, ƙasar Gwanja, su ba da kanwa da tufafi da dabbobi su karɓi goron Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a kan Gwanja ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi. A 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na farko, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso. Daga nan ne zangon Kumasi ya fara cika. Kuma kada mu manta, cikin sojojin da Turawa suka shigo da su akwai waɗanda ake kira sojan Hausa. Masu gari ba su manta da wannan da wuri ba.

'Yan mishan na Katolika su ma ba su samu ƙofa a buɗe ba. Sun sauka Elmina a bakin teku a 1880, bayan shekara biyu Fada Auguste Moreau ya tako har Kumasi ya gai da Asantehene Mensa Bonsu, aka karɓe shi da girma, amma ba a ba shi izinin kafa mishan ba. Sai bayan Turawa sun ci ƙasar, a farkon ƙarni na 20, suka samu wurin zama. Ka ga ke nan da zango da tudun Roman kusan tare suka taso, baƙi biyu a gefen tsohon birni, kowa da littafinsa, kowa da makarantarsa, ɗaya da ladan ɗaya da ƙararrawa.

An haifi Peter Sarpong ranar 26 ga Fabrairu, 1933, a Maase, kusa da Offinso. Direbobin shanu sun san Offinso sarai: duk motar da ta taso daga Paga ko Hamile ta biyo Techiman, sai ta ratsa ta kafin ta shiga Kumasi. Shekara guda bayan haihuwarsa Alhaji Umaru ya rasu a Krachi. A 1935 kuma Turawa suka mayar wa Asante sarautarsu a hannun Prempeh na biyu. Wato yaron ya buɗe ido ne a lokacin da mutanensa ke sake ɗaga kai, tambura na tashi, kujerun sarauta na komawa mazauninsu.

Sai dai a cikin coci labarin daban ne. Turawan mishan da yawa, na ɗariƙu iri-iri, sun ɗauki kiɗan Asante da rawarsu da bukukuwansu duk a matsayin tsafi. Wanda ya shiga addinin sai a nemi ya ajiye ganga, ya guji bikin balagar 'yan mata, ya nisanci ɗakin kujerun kakanni. Addu'ar Katolika kuwa da Latin ake yin ta, harshen da ko Turawan da ke zaune a benci yawancinsu ba sa ji. Yaron Asante da ke son ya zama Fada, hanya biyu ke gabansa: ya bar gida ya riƙe addini, ko ya riƙe gida ya bar addini. Sarpong bai yarda cewa hanyoyin biyu ne kaɗai ba, kuma neman ta ukun shi ya zame masa aikin rayuwa.

Ya yi ƙaramar makarantar horar da limamai a Amisano kusa da Elmina, ya wuce babbar da ke Pedu a Cape Coast. A watan Disamban 1959 aka naɗa shi Fada, yana ɗan shekara 26, Ghana na da shekara biyu da samun 'yanci. Daga nan aka tura shi birnin Rum ya yi digirin digirgir a ilimin addininsu. A daidai wannan lokaci ne, daga 1962 zuwa 1965, bishop-bishop na duniya suka yi babban taronsu na Vatican, wanda ya ba da izini kowace al'umma ta yi ibada da harshenta. Da ya gama da Rum sai ya tsallaka Ingila, jami'ar Oxford, ya karanta ilimin sanin al'adun al'umma.

A nan akwai abin da zai ba makiyaya sha'awa. Shugaban wannan sashe na Oxford a lokacin shi ne Evans-Pritchard, wanda sunansa ya fito saboda zaman da ya yi cikin Nuwer, makiyayan Kudancin Sudan, ya rubuta littafi a kansu a 1940. Ya nuna wa Turawa cewa mutanen da suke raina wa wayo don suna bin saniya tsirara, suna da tsarin shari'a da na aure da na diyya da na lissafin lokaci, kuma duk a jikin saniya yake rataye. Kai da ka san sunan kowace nagge a garkenka da uwarta da kakarta, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Kafin shi kuma akwai wani jami'in mulkin mallaka, Rattray, wanda ya rubuta littattafai a kan Asante. Shi wannan Rattray, kafin ya rubuta a kan Asante, ya rubuta a kanmu: a 1913 ya buga tatsuniyoyi da karin magana da al'adun Hausa, waɗanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a nan ƙasar. To duk waɗannan baƙi ne ke leƙo gidan wani ta taga. Sarpong ya koyi sana'arsu ya dawo da ita cikin ɗakin uwarsa.

Da ya dawo gida aka ba shi shugabancin makarantar Pedu, inda shi kansa ya yi karatu, yana horar da samarin da za su zama limaman coci a Ghana. Alli da allo ke nan, da gyaran takardun jarrabawa. Ko bayan ya bar aji bai ajiye alƙalami ba. A 1971 ya fitar da The Sacred Stools of the Akan, a kan kujerun sarautar Akan. A 1974 ya fitar da Ghana in Retrospect, wanda ɗalibai suka daɗe suna karantawa don sanin al'adun ƙasar. A 1977 ya buga bincikensa a kan bikin balagar 'yan matan Asante, bikin nan da 'yan mishan na farko suka hana.

Bari in tsaya a nan in ɗan jima, domin abin da irin waɗannan littattafai ke bayyanawa shi ne abin da ke jefa mutanenmu cikin rigima saboda rashin sani. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Mu a wurinmu sarki rawani ne da sanda. A Asante sarauta kujera ce. In sarki nagari ya rasu, akan baƙanta kujerarsa a ajiye ta a ɗaki na musamman, don a ganinsu kakanni ba su tafi ba, suna nan suna lura da zuriya. Ƙasa kuwa ba ta sarki ba ce shi kaɗai. Ta kujera ce, wato ta matattu da masu rai da waɗanda ba a haifa ba, sarki riƙo kawai yake yi. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ma haka ya rubuta, cewa filayen kujera amana ce a hannun mai sarauta domin talakawansa. Sannan ga uwar sarauta, ohemaa, wadda ita ke nuna wanda zai hau kujera, domin su dangantaka ta wajen uwa suke binta, a al'ada mutum ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa. Kuma sarkin da ya saɓa wa dattawansa ana iya tuɓe shi.

To yanzu ɗauki misalin makiyayi da ya zo daga Dori ko Djibo ko Sakkwato. Ya je gaban sarkin ƙauye, ya kai gaisuwa, ya ba da bijimi, sarki ya ce ya zauna. A ransa magana ta ƙare, tunda a gida in hakimi ya ce zauna, ka zauna ke nan. Bai san cewa gonar da ke gefen rafi ta wani dangi ce, wanda ba a tambaye su ba. Bai san ohemaa ba ta ji labari ba. Bai san kurmin nan mai duhu da shanunsa suka shiga neman inuwa, maƙabartar sarakuna ce ko wurin da ba a sa gatari ba. Bai san akwai rafin da ake girmamawa, ko cewa ranar Alhamis a wurare da yawa ba a taɓa ƙasa da fartanya saboda Asase Yaa. Shi ma manomin bai san cewa wannan baƙo ya biya kuɗi, yana ganin yana da haƙƙi, ba kuma ya san abin da saniya take a wurin Bafillace ba, shi ya sa yake ganin harbe ta kamar kashe ɓera ne. Ku da ke bin labarai kun san abin da ya faru a Agogo: shekara da shekaru ana asarar rayuka daga ɓangarorin biyu, gonaki na lalacewa, ana harbe shanu, har a watan Janairun 2012 babbar kotun Kumasi ta ba da umarni a fitar da shanu daga yankin. Ba na ce rashin sanin al'ada ne kaɗai ya jawo ba. Akwai kwaɗayi, akwai manyan masu shanu da ke zaune a birni suna tura yara daji, akwai ɓata-gari. Amma takardar ECOWAS ta ƙetare iyaka da dabbobi, wadda aka amince da ita tun 1998, za ta wuce da kai shingen Paga ne kawai. Ba za ta gaya maka wace bishiya ce ba a sara a Asante Akyem ba.

Mu koma ga malaminmu. A watan Nuwamban 1969 Fafaroma ya zaɓe shi bishop na Kumasi, aka yi bikin naɗin a watan Maris na 1970. Kafin shi Turawan Holan biyu ne suka riƙe wurin, Paulissen da van den Bronk, sai Bishop Essuah, mutumin yammacin Ghana. Sarpong ne ɗan Asante na farko, kuma bai kai shekara 40 ba.

Wannan wata na Nuwamban 1969, tsofaffin zango ba sa mantawa da shi, amma ba don naɗin bishop ba. Ranar 18 ga watan ne gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, wasu a nan aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. An sayar da gidaje da rumfuna a kuɗin goro. Kafin wannan ma, a 1957, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Ahmadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumasi, zuwa Najeriya saboda siyasa. Wato a mako guda ana murna a kan tudu, a gindinsa ana ɗaure kaya. Haka maƙwabtaka take wani lokaci.

Abin da ya fi shahara da shi a matsayin bishop shi ne shigar da Asante cikin coci. Tamburan fontomfrom da kiɗan kete, waɗanda a da sai a fada, suka shiga St Peter. Mata suka yi rawar adowa a gaban bagade, aka yi waƙa da wa'azi da harshen Twi, aka sa kente. Wasu tsofaffin Katolika suka ce ya mayar da coci gidan tsafi. Shi kuwa hujjarsa ita ce, in Ba'asante ya san hanyar da ake girmama sarki da ita, don me za a ce ya girmama Ubangijinsa da hanyar Bature?

Har ya kai ga maganar zuba abin sha a ƙasa ana kiran sunayen kakanni, abin da Asante ke yi a kowane taro. Ya rubuta ɗan littafi a kai a 1996, yana ganin addu'a ce ba bautar gunki ba. Kiristoci da yawa, musamman na sababbin coci-coci, sun yi masa ca. Mu ma a nan hanyarmu ta rabu da tasa, ba sai na tsaya ina kwana-kwana ba: Musulmi ba ya kiran kowa sai Allah. Amma ka lura da yadda ya yi gardamar. Bai ce ku bi ni don ni ne bishop ba. Ya je ya saurari kalmomin da dattawa ke faɗa, ya rubuta su, ya ce ga abin da suke nufi, ku zo mu auna. Mu ma fa muna da irin wannan shari'a a gidanmu tun zamanin Shehu Usmanu: wace al'ada ce addini ya bari, wace ce ya kashe? Sharo, kiɗan biki, lefe, sadakar uku da ta arba'in, har gobe malamai na ja. Sau nawa mai hanawa ya taɓa zuwa ruga ya zauna ya tambaya kafin ya hau mumbari?

A watan Mayun 1980 Fafaroma John Paul na biyu ya zo Kumasi, Sarpong ne mai masauki, Asantehene Opoku Ware na biyu ya fito da laimominsa da zinariyarsa ya tarbe shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan ziyara shi ne, a nan Kumasi Fafaroma ya ba da lambar yabo ta zaman lafiya mai sunan John na 23, kuma ba sarakuna ko 'yan siyasa ya ba, katikis ya ba. Katikis shi ne malamin ƙauye na Katolika, wanda ba Fada ba ne, yana noma gonarsa, yana koya wa yara karatu da addu'a, yana binne matattu, in Fada ya zo sau ɗaya a wata shi ne tafinta. Kwatankwacin malamin allo ke nan da ke bin ruga-ruga, ana ba shi ƙwarya ta nono. Da irinsu aka gina duk abin da kake gani a kan tudu, kuma yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu.

Shekarun da suka biyo baya masu zafi ne, 'yan kasuwa sun fi kowa sani. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola a Accra, wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara, aka yi ta dukan mata 'yan kasuwa a bainar jama'a da sunan yaƙi da kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi. A watan Yunin 1982 aka sace alƙalai uku da wani tsohon hafsan soja aka kashe. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona, ga shi Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, kamar ana ramuwar 1969. A irin wannan lokaci bakin kowa a rufe yake. Ƙungiyar bishop-bishop na Katolika na cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da fitar da wasiƙu suna sukar zalunci, kuma muryar Sarpong na cikin waɗanda aka fi ji. Jaridarsu, Catholic Standard, gwamnati ta rufe ta a ƙarshen 1985, ta shekara da shekaru ba ta fito ba. A 1989 aka kafa doka cewa kowace ƙungiyar addini sai ta yi rajista da gwamnati, Katolika da majalisar manyan coci-coci suka ƙi. Ka tuna, dokar da za ta ba soja ikon rufe coci, ita ce za ta ba shi ikon rufe masallaci. Shi Sarpong yana da wata dabara ta rubutu: ya riƙa rubuta wasiƙu zuwa ga kakansa da ya daɗe da rasuwa, yana ba shi labarin abin da jikoki ke aikatawa a duniya. Aka tara su a littafi mai suna Dear Nana. Hannunka mai sanda ke nan, irin na mai hikima.

Saura maganar makaranta, wadda ita ce ta fi taɓa mu. Sistocin St Louis daga ƙasar Ailan sun iso Kumasi a 1947, shekara guda bayan haka 'yan'uwansu suka sauka Kano, shi ya sa za ka ji St Louis a nan ka ji ta a Bompai. A 1952 aka buɗe sakandaren 'yan mata ta St Louis da ta maza ta Opoku Ware. A zamanin Sarpong makarantu da asibitoci suka ƙaru, yankin da yake riƙe da shi ya yi girman da sai da aka yanka shi: Sunyani a 1973, Obuasi da Konongo-Mampong a 1995. A garinsu Maase akwai asibitin St Patrick a kan hanyar arewa, kuma direba ko yaron mota da aka kwasa daga hatsari aka kai can, ba a tambayarsa addininsa kafin a ɗinke shi.

Iyayenmu a zango sun ƙi kai mu makarantun tudu. Ina yaro, in aka ce wane ya sa ɗansa a makarantar Roman, kamar an ce ya sayar da shi. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin makarantar mishan an gina ta ne da niyyar yaɗa addini, kuma akwai yaran da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani. Amma mun biya kuɗin wannan tsoro da tsada. Lokacin da aka zo neman takardu a 1969, mutum nawa ne a zango ke iya karanta abin da aka rubuta a kansu? Akawu da lauya da jami'in kwastan duk 'ya'yan wasu ne. Sai daga baya makarantun Turanci da Larabci suka yawaita, a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi. Yau 'ya'yan zango na shiga Opoku Ware da St Louis su fito da sallarsu. Ban ce komai ya daidaita ba: a 2021 ƙasa ta ɗauki zafi saboda wata makarantar mishan a Cape Coast, ba ta Katolika ba, ta hana ɗaliba Musulma azumi. Sai dai wanda ya je wannan gardama, hujjar da ta fi ƙarfi a hannunsa ita ce wadda Sarpong ya yi wa Turawa: ba sai ka tuɓe wa yaro rigar gidansu ba kafin ka koya masa karatu. Littafinsa na 2002 ma sunansa Peoples Differ, wato al'ummu sun bambanta.

A wannan shekara ta 2002 aka ɗaga Kumasi, ya zama akbishop. A 2008, da ya cika shekara 75 kamar yadda dokarsu ta tanada, ya sauka ya miƙa wa Thomas Mensah. Ya yi aiki da Asantehene uku: ya tarar da Prempeh na biyu a watanninsa na ƙarshe, ya yi zamanin Opoku Ware na biyu gaba ɗaya, ya ga hawan Osei Tutu na biyu a 1999. Gwamnatoci kuwa, na soja da na farar hula, daga Busia har Kufuor, duk sun zo sun same shi a kan tudu. A watan Fabrairun 2023 ya cika shekara 90 da haihuwa, sama da 60 daga ciki yana limanci.

Wani tsoho kuma daga namu ɓangaren ya yi abin da ya yi kama da nasa. Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, Bahaushen Accra wanda ya yi karatu a nan Kumasi, a watan Afrilun 2019, yana cika shekara 100, ya je majami'ar Katolika ta Christ the King a Accra ranar Ista, ya zauna da rawaninsa. Wasu Musulmi sun ji haushi, mutanensa suka bayyana cewa ziyarar zumunci ce ba ibada ba. Ya fito da addininsa yadda ya shiga da shi.

In Allah ya kawo ka Kumasi, ka tambayi ranar Akwasidae. Duk kwana 42 ake yin ta, ranar Lahadi, a fadar Manhyia, tafiyar ƙafa ce daga Akwatialine. Ka je ka tsaya daga gefe ka kalli yadda ake gaisuwa daga dama zuwa hagu, yadda mutum ke zame zane daga kafaɗa ya cire takalmi a gaban sarki, yadda sarki ba ya magana kai tsaye sai ta bakin okyeame mai sandar zinariya. Za ka ga sarakunan zango da rawunansu cikin masu kai gaisuwa. In kuma garke za ka sauke a wani ƙauye, bayan ka gai da sarki ka tambayi gidan ohemaa, ka tambayi dangin da ke da filin bakin rafi, ka ce a nuna maka kurmin da ba a shiga, kuma a rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A gai da mutanen gida, Allah ya kiyaye hanya.